Ba a Yabon Ɗan Kuturu: Yadda Masana Kimiyya Ke Tarbar Labarin Sabon Bincike

Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraren rediyo ko karanta jarida ya san irin labarin nan da kan fara da cewa wai wani sabon bincike da masana suka gudanar ya gano abu kaza. Yau a ce shan gahawa na ƙara tsawon kwana, jibi a ce yana wahalar da zuciya. Wata rana a ce an samo maganin ciwon daji, daga nan kuma shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Idan gidan rediyon na son cika aikinsa, sai ya nemo wani likita ko farfesa domin a ji ta bakinsa. Shi kuwa gogan naka, maimakon ya ce "e" ko "a'a" kowa ya huta, sai ka ji ya shiga kewaye-kewaye: a dakata tukuna, mutanen da aka yi gwajin a kansu ba su da yawa, akwai bukatar ƙarin bincike.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, na daɗe ina jin haushin wannan amsa. A da ɗauka nake ko dai tsoro ne, ko kuwa hassada ce irin ta abokan sana'a, tunda an ce mai koɗa ba ta son mai koɗa. Abin da ya sauya mini tunani shi ne dambarwar da aka sha a kan maganin kulorokwin a shekarar 2020, wadda wani sashe nata a cikin gidanmu ya faru. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan dambarwa ne, tare da raɓa wasu misalai nan da can, domin a ga abin da masani ke dubawa kafin ya buɗe baki. Batun kuwa ya shafe mu ɗaliban Hausa kai tsaye, domin da yawa daga cikinmu gidajen rediyo da talabijin da jaridu za mu nufa, inda mu ne za mu riƙa juya irin waɗannan labarai daga Turanci zuwa harshen da kakanninmu ke ji.

Makon da kulorokwin ya yi tsada

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Nijeriya, a nan Legas. Makonni uku bayan haka, wato ranar 19 ga Maris, Shugaban Amurka Donald Trump ya tsaya gaban manema labarai ya yaba wa kulorokwin a matsayin maganin da ake sa ran zai yi wa cutar tasiri. Ga mutumin Amurka, sunan baƙo ne. Mu kuwa tsohon sani ne. Wane ne a cikin iyayenmu bai san ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa a jiki ba? Shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro na shekara da shekaru, kafin ƙwayar cutar ta daina jin sa, har hukuma ta sauya shi da wasu magunguna a 2005.

Kafin gari ya waye labari ya game Agege. Wani kawuna da ke sayar da goro ya bi kemis-kemis har ya samo fakiti da dama, bayan farashin ya ninka. Ya dawo ya ce kowa a gidan ya sha, rigakafi ya fi magani. Na ce masa, "Kawu, ai na ji likitoci a rediyo suna cewa a dakata." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro, shugaban Amurka ne fa ya faɗa da bakinsa. Likitocin nan naku sun fi shi sani ne?" Ban da amsa a lokacin, ina ɗan sakandare. Allah Ya taimake mu mahaifiyata ta tuna da ƙaiƙayin da ta sha a baya, ta ce ita da 'ya'yanta ba za su sha ba. A wannan makon ne jami'an lafiya na Jihar Legas suka ba da sanarwar cewa an kwantar da wasu mutane a asibiti saboda sun ɗirki kulorokwin fiye da kima, ita kuma Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya ta gargaɗi jama'a cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince da shi a matsayin maganin korona ba. Gargaɗin yana da dalili: tsakanin adadin kulorokwin da ke magani da adadin da ke zama guba tazara kaɗan ce, kuma idan ya yi yawa bugun zuciya yake rikitawa.

Abin lura a nan shi ne, maganar ba daga iska ta faɗo ba. Akwai bincike a bayanta. Wani fitaccen masanin ƙwayoyin cuta a birnin Marsai na Faransa, Farfesa Didier Raoult, shi da abokan aikinsa sun gwada ƙanen kulorokwin, wanda ake kira haidiroksi-kulorokwin, a kan masu korona, aka buga sakamakon a wata mujallar ilimi ranar 20 ga Maris. Sun ce bayan kwana shida, mafi yawan waɗanda aka ba maganin ba a sake ganin ƙwayar cutar a hancinsu ba. Ga farfesa, ga mujalla, ga alƙaluma. To me kuma ake jira?

Abin da masana suka duba

Cikin kwanaki kaɗan masana daga ƙasashe daban-daban suka yi wa takardar filla-filla. Daga cikin waɗanda suka fi yin fice akwai Elisabeth Bik, 'yar ƙasar Holan da ta yi suna wajen bankaɗo kurakurai a takardun bincike. Tambayarsu ta farko mai sauƙi ce: mutum nawa? Amsa ita ce 36, wato 20 da aka ba maganin da 16 da ba a ba su ba. Wannan adadi bai kai yawan ɗaliban ajinmu ba. Amma ba ƙarancin ne ya fi tayar musu da hankali ba. Da suka karanta da kyau sai suka ga ashe mutum 26 aka fara ba maganin, aka cire shida daga lissafi. Ina suka tafi? Uku jikinsu ya tsananta an kai su sashen kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar asibiti, ɗaya kuma ya daina sha saboda tashin zuciya. Ke nan waɗanda abin ya fi yi wa muni su ne aka ajiye gefe, sannan aka ƙirga sauran aka ce magani ya yi aiki. Tamkar malamin da ya kori dukkan waɗanda suka faɗi jarrabawa ne, sannan ya yi shelar cewa ajinsa kowa ya ci.

Tambaya ta biyu ita ce wadda na fi daɗewa ban fahimta ba, kuma a ganina ita ce ƙashin bayan lamarin duka: da wa aka kwatanta su? Mafi yawan waɗanda korona ta kama warkewa suke yi da kansu. Saboda haka ko zoɓo ka ba mutum 100 masu cutar, bayan mako biyu akasarinsu za su miƙe, kuma kowannensu zai rantse maka cewa zoɓon ne. Hanyar da za a gane gaskiya ita ce a samu rukuni biyu masu kama da juna ta kowace fuska, a ba ɗaya magani a hana ɗaya, a ga bambanci. Manomi ya san wannan. Idan yana son ya gwada sabon taki, ba zai zuba shi a fadama sannan ya kwatanta amfanin da na jigawar da bai sa wa komai ba, domin ba zai san ko takin ne ya yi aiki ko damshin ƙasa ba. Gona ɗaya zai raba biyu. A wajen gwajin magani, ƙuri'a ake jefawa ta raba marasa lafiya, don kada likita, da saninsa ko ba da saninsa ba, ya zaɓi masu ƙarfin jiki ya ba su maganin da yake fatan ya yi nasara. A gwajin Marsai ba a jefa ƙuri'a ba. Rukunin kwatancen ya ƙunshi waɗanda suka ƙi karɓar maganin da kuma marasa lafiya na wasu asibitoci dabam.

Sai kuma abin da aka auna. Ƙwayar cuta a hanci aka ƙirga, alhali abin da ya dami mai jinya da danginsa shi ne ko zai tashi ko ba zai tashi ba. Bugu da ƙari, masana sun lura cewa an karɓi takardar kwana ɗaya kacal bayan miƙa ta, kuma ɗaya daga cikin marubutanta shi ne babban editan mujallar. A al'adar ilimin kimiyya, kafin a buga takarda sai an aika wa wasu masana na fannin su tantance ta, aikin da kan ɗauki makonni ko watanni. Ranar 3 ga Afrilu ƙungiyar masanan da ke da mujallar ta fito fili ta ce takardar ba ta kai matsayin da take bukata ba.

Akwai wata tambayar da ta riga waɗannan duka, wato a kan me aka yi gwajin: mutum, ɓera, ko kwalba? Tun asali abin da ya jawo hankali ga kulorokwin shi ne wani gwaji da aka buga a Fabrairun 2020 daga birnin Wuhan na ƙasar Sin, wanda ya nuna maganin na hana ƙwayar cutar yaɗuwa a cikin ƙwayoyin halittar ƙodar biri da aka raina a ɗakin gwaje-gwaje. A watan Yuli wasu masana a Jamus suka maimaita gwajin da ƙwayoyin halittar huhun ɗan'adam, sai ya kasance maganin bai tsinana komai ba, saboda ƙofar da cutar ke bi ta shiga huhun mutum daban take. Mu ma nan gida mun taɓa ganin irin haka. A 1999 Farfesa Maurice Iwu ya ba da rahoton cewa wani sinadari daga namijin goro ya daƙile ƙwayar cutar Ebola a ɗakin gwaje-gwaje. Da cutar ta shigo Legas a 2014 sai tsohon labarin ya farfaɗo, mutane suka yi ta tauna namijin goro, har sai da Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ce babu hujjar cewa yana maganin cutar a jikin mutum. (Kawun nan nawa bai yi kuka da wannan jita-jitar ba, don kuwa ciniki ya yi.) Abubuwa da yawa na kashe ƙwayar cuta a cikin kwalba, har da sabulu da ruwan zafi. Hasali ma, ko magungunan da suka tsallake gwajin kwalba da na dabbobi suka kai ga gwaji a kan mutane, kusan tara cikin goma ba su kai wa ga samun izinin shiga kasuwa. Wanda ya san wannan lissafi dole ya yi sanyin guɗa. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Su ma masanan kan yi tuntuɓe

Kada mai karatu ya zaci cewa labarin nan na wasu tsarkaka ne da ba su kuskure. Ranar 22 ga Mayu, 2020 mujallar The Lancet ta Ingila, wadda tana cikin mujallun likitanci mafiya daraja a duniya, ta buga wani bincike da ya ce ya tattara bayanan marasa lafiya sama da 96,000 daga asibitoci 671 a nahiyoyi shida, kuma ya gano cewa kulorokwin da ƙanensa ƙara yawan mace-mace suke yi. Wannan karon ba a yi ƙorafin ƙarancin mutane ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da nata gwajin maganin bayan kwana uku.

Wanda duk ya ɗauka cewa masana ƙin kulorokwin kawai suke yi, zai sa ran su rungumi wannan takarda hannu bibbiyu, tunda ta faɗi abin da ya dace da shakkunsu. Ba haka aka yi ba. Irin tambayoyin da suka yi wa Raoult su suka yi wa wannan. Aka lura cewa adadin waɗanda takardar ta ce sun mutu a asibitocin Ostireliya ya zarce adadin da aka sani na ƙasar gaba ɗaya a wannan lokacin. Masana fiye da 100 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga mujallar, kuma cikin abubuwan da suka yi mamaki har da alƙaluman Afirka: idan aka yarda da takardar, to kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu korona a nahiyar, da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka mutu, duk a asibitocin da ke aika wa wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Surgisphere bayanai ta kwamfuta suke. Duk wanda ya taɓa bin layin karɓar kati a asibitocinmu ya san akwai lauje cikin naɗi. Da aka nemi kamfanin ya buɗe bayanansa a duba, ya ƙi. Ranar 4 ga Yuni aka janye takardar, kwana 13 da bugawa.

Wannan abin kunya ne ga mujallar, kuma ya nuna cewa tantancewar da ake yi kafin bugu ba katanga ce da ɓarawo ba ya haurawa ba. Amma ni abin da na ɗauka a ciki shi ne, tantancewa ta gaskiya bayan bugu take farawa, lokacin da takarda ta shiga hannun dubban masu karatu da ba su jin nauyin marubucin.

Ranar da suka ce "e"

Duk wannan hayaniya da ake yi, wasu masana a Jami'ar Oksfod, ƙarƙashin Farfesa Peter Horby da Farfesa Martin Landray, suna can suna gudanar da wani babban gwaji mai suna RECOVERY a asibitocin Birtaniya, inda ƙuri'a ke raba marasa lafiya. Ranar 5 ga Yuni suka ba da sakamako: mutum 1,542 aka ba haidiroksi-kulorokwin, 3,132 ba a ba su ba. Cikin kwana 28, kashi 25.7 cikin 100 na rukunin farko sun rasu, na biyu kuwa kashi 23.5. Wato maganin bai ceci kowa ba. Nan magana ta ƙare ga masu jinya a asibiti.

Kwana 11 bayan haka, ranar 16 ga Yuni, wannan gwaji dai ya sake ba da wani sakamakon. Wani tsohon magani mai araha, deksametazon, ya rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar taimaka wa numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin waɗanda ake ba iskar oksijin kawai. An ba mutum 2,104 maganin, aka kwatanta su da 4,321. A wannan rana hukumomin lafiyar Birtaniya suka amince a fara amfani da shi. Su masanan nan da na ɗauka ba su iya cewa "e" ba, ga shi sun faɗa cikin sa'o'i. Gaskiya ne wasunsu sun yi gunaguni cewa ta takardar manema labarai aka sanar da sakamakon, suka ce a fito da cikakkun alƙaluma su gani, aka kuwa fito da su bayan kwanaki. Bambancin wannan da na Marsai ba ya cikin sunan jami'a ko ƙasar masu binciken. Mutanen suna da yawa, ƙuri'a ce ta raba su, kuma rai da mutuwa aka ƙirga.

Duk da haka "e" ɗin tasu da sharaɗi ta zo. Sun nanata cewa maganin bai amfani waɗanda cutar ba ta taɓa numfashinsu ba, mai yiwuwa ma ya cutar da su, domin garkuwar jiki yake dannewa. Wannan sharaɗi na da muhimmanci a wurinmu, inda ake sayen deksametazon a kemis ba tare da takardar likita ba, har wasu na sha don neman ƙiba.

Wani zai ce, to ai abin Turawa ne shi ya sa suka karɓa, da daga Afirka ya fito da sun yi watsi da shi. An yi wannan zargi sosai lokacin da Shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya ƙaddamar da wani tsimi mai suna Covid-Organics a Afrilun 2020. An kawo wa Nijeriya nata kason a watan Mayu, aka miƙa shi ga cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa da ke Abuja, wato NIPRD. Masananmu ne, baƙaƙen fata 'yan'uwanmu, suka duba suka ce ba su ga hujjar cewa yana warkar da korona ba. Ita wannan cibiya ba maƙiyar maganin gargajiya ba ce: ita ce ta samar da Niprisan, maganin da ke rage tashin ciwon sikila, daga wani haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari. Haka kuma tsiron da aka yi tsimin Madagaska da shi, wanda dangin tazargade ne, daga jikinsa Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da sinadarin da ya maye gurbin kulorokwin wajen maganin zazzaɓin cizon sauro, aikin da ya sa ta samu lambar Nobel a 2015. Saiwa da ganye ba su ne matsalar ba, gwajin ne ba a yi ba.

Kilishi da sigari

Bari in ɗan kauce daga korona, domin akwai wata tambayar da labarin kulorokwin bai fito da ita sosai ba, wato girman haɗari. A ranar 26 ga Oktoba, 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya sarrafaffen nama, irin wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko wasu sinadarai, a rukuni ɗaya da taba sigari cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Ta ce cin giram 50 a kullum na ƙara haɗarin kamuwa da ciwon daji na hanji da kashi 18 cikin 100. Cikin misalan da ta bayar har da busasshen naman nan na Afirka ta Kudu da na Amurka, waɗanda ba su da nisa da kilishinmu. Jaridu da dama suka buga cewa nama ya zama daidai da sigari.

Masana lissafi suka ce a tsaya: kashi 18 na me? Farfesa David Spiegelhalter na Jami'ar Kambirij ya warware shi da alƙaluman Birtaniya. A cikin kowane mutum 100, kimanin shida ne za su kamu da wannan ciwo a tsawon rayuwarsu. Idan duka ɗarin suka riƙa cin ƙarin giram 50 kowace rana har abada, shida za ta koma bakwai. Ƙari ne na gaske, amma na mutum ɗaya cikin 100. Shi kuwa rukunin da aka sa naman, ƙarfin hujja yake nunawa, ba yawan ɓarna ba. Ita kanta hukumar ta kawo ƙiyasin cewa sarrafaffen nama na da hannu a mutuwar kimanin mutum 34,000 ta hanyar ciwon daji a shekara a duniya, sigari kuwa kimanin miliyan ɗaya. Kunama da kububuwa duk an tabbatar suna da dafi, amma ba wanda zai ce cizonsu ɗaya ne.

Inda labari ke kumbura

Saboda irin wannan ruɗani ne aka kafa wata cibiya a Landan a 2002 mai suna Science Media Centre, bayan Birtaniya ta sha rigingimu a kan cutar haukan shanu, da amfanin gonar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, da wani ƙaramin bincike na yara 12 da ya tsorata iyaye game da allurar rigakafin ƙyanda, wanda daga baya aka janye shi a 2010. Aikin cibiyar shi ne, da zarar wani bincike zai fito, sai ta nemi masanan fannin waɗanda ba su da hannu a ciki su karanta su rubuta ra'ayinsu a taƙaice, ta aika wa 'yan jarida. Abin da ke sauƙaƙa wannan shi ne manyan mujallu kan ba manema labarai takarda kwanaki kaɗan kafin ranar bugu, bisa alkawarin ba za su fitar ba sai lokaci ya yi. Ana kuma neman kowane masani ya bayyana idan yana da wata alaƙa da kamfani ko da masu binciken. Cibiyar ba ta tsira daga suka ba, domin wasu na ganin karɓar gudummawar kamfanoni da take yi na iya karkata ta. Wannan suka ma tana kan hanya, don tambayar wa ya biya kuɗi ta hau kan kowa.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa ɗan jarida laifin duka. Wasu masana a Jami'ar Kadif sun bi diddigin takardun sanarwa 462 da jami'o'in Birtaniya 20 suka raba wa manema labarai a 2011 game da binciken lafiya, suka buga sakamakon a 2014. Sun gano cewa kashi 36 cikin 100 na sanarwar da ta shafi gwajin dabbobi ko ƙwayoyin halitta ta yi magana kamar a kan mutane aka yi, kashi 33 kuma sun mai da abin da alaƙa ce kawai aka gani zuwa cewa abu kaza ne ke haddasa abu kaza. Inda sanarwar jami'a ta yi ƙarin gishiri game da dabbobi, kashi 86 na labaran jaridu sun bi sahu. Inda ba ta yi ba, kashi 10 ne kawai. Ashe gishirin tun daga tukunyar jami'a ake barbaɗa shi.

Mu kuma masu fassara muna ƙara namu. A darasin fassara na zangon da ya wuce, malaminmu ya ba mu wani labarin lafiya mu juya zuwa Hausa. Kanun labarin na Turanci na ɗauke da 'yar kalmar nan mai harafi uku da ke nufin "mai yiwuwa", sakin layi na huɗu kuma ya ce a kan ɓeraye aka yi gwajin. Kusan dukkanmu, har da ni, muka rubuta "An gano maganin...", ɓerayen kuwa ba wanda ya ambace su, saboda an ce mu taƙaita. Malam ya tattara takardun ya karanta mana ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaye mu wanne ne a ciki za mu yarda a karanta wa mahaifiyarmu idan ita ke fama da ciwon. Ba wanda ya ɗaga hannu. Harshenmu ba ya rasa kayan aiki: muna da "wai", da "ana kyautata zaton", da "mai yiwuwa", da "an ga alaƙa tsakanin", da "ba a tabbatar ba tukuna". Muna zubar da su ne don kanun labari ya yi armashi, alhali su ne ainihin abin da masanin ya faɗa. Mai sauraron da ke ƙauye ba zai taɓa ganin takardar asali ba, iyakarsa abin da muka ce masa.

A watan Disamban 2024, shekara huɗu da wata tara bayan bugawa, mujallar nan ta janye takardar Farfesa Raoult a hukumance. Ni dai ban ji labarin a rediyo ba, a intanet na ci karo da shi. Da na je hutu na faɗa wa Kawu. Ya shiga ɗaki ya buɗe wata tsohuwar adaka, ya ɗauko fakitin kulorokwin guda uku da suka rage, wa'adinsu ya daɗe da wucewa, ya juya su a hannu ya ce, "To, shi farfesan naku, zai mayar mini da kuɗina ne?"